Yadda Muka Fitar da Tafiyar Auta

Mutanen benenmu Ɗan Katun suke ce masa, saboda 'yan mutanen zane da yake sa wa motsi. Mahaifiyarsa, wadda ni ma nake kira Inna, Auta take ce masa har bayan furfura ta fara leƙo masa a gemu. Ni mutumina nake ce masa, shi kuma ya ce mini Tela, in tsokana ta motsa ya ce Sarkin Almakashi. Shagona yana ƙasan bene, ɗakinsa yana sama daidai kaina. Mun daɗe a haka, har na fi sanin sautin saukowarsa a kan ƙarar kekena: taku mai nauyi, taku marar nauyi, sai ɗan jinkiri in ya zo kwana.

Da gajeriyar ƙafa aka haife shi, ta hagu. Ranar da ya fara kawo mini yadi, na durƙusa zan auna shi, sai ya ce, "Ka auna kowace daban, Tela. Ba tare aka sayo su ba." Na rasa ko in yi dariya ko in kama bakina. Ya riga ni dariyar, na bi shi. Daga ranar wandunansa ba su sake zuwa hannun wani ba, ni ma ban sake shan shayin safe ni kaɗai ba.

Sana'arsa ta ɗauki lokaci kafin ta shiga kaina, don karatuna bai yi nisa ba. Kun san 'yan mutanen nan da ke motsi a waya in ka buɗe wani shafi, wani yana ɗaga maka hannu, wani yana tura amalanke kafin abin da kake jira ya buɗe? To shi yake sa su motsi. Wani kamfani yake yi wa aiki daga ɗakinsa, da kwamfutar da suka aiko masa. Bai taɓa taka ofishinsu ba. Ɗakin kuwa ba komai a ciki sai katifa, da tebur, da fanka mai kukan tsohuwar akuya, da kujerar da na yi wa matashi da guntayen ƙyallaye. Labulensa kullum a sake, wai hasken rana yana yi wa launi ƙarya.

In ciniki ya yi sanyi da rana nakan hau in zauna a bakin katifa in yi ta kallo. Wata rana ya juyo da kwamfutar wajena ya ce, "Ka ga wannan mutumin? Fata ce zalla, kamar rigar da ka rataye. Sai na sa masa ƙashi." Akwai wata 'yar manhaja da yake maƙalawa cikin babbar da yake aiki da ita, ita take ba shi ƙasusuwa da gaɓoɓi. Ya jera su a jikin zanen, daga ƙugu zuwa gwiwa, daga gwiwa zuwa idon sawu. Sai ya ja wani ɗigo a tafin ƙafa, gwiwar ta lanƙwashe da kanta, ƙugu ya biyo ta. Na ce, "Kai, mutumina, wannan ai ɗori kake yi." Ya ce, "Ɗori mana. Bambancina da mai ɗori, nawa ba sa ihu."

Wahalar aikin, in ji shi, ba sa ƙashin ba ce, fitar da mutumin ce. A cikin kwamfuta ƙasusuwan ke riƙe da shi, amma shafin intanet bai san ƙashi ba. In ka tura shi haka nan, zai isa can babu mai riƙe shi. Dole sai an bi motsin daki-daki an kafe shi a jikin zanen, sannan a zare ƙasusuwan a yar. Wannan suke kira gasawa. Ya ce kamar tukunya ce, tana ɗanya kana iya murɗa ta yadda ka so, in ta shiga wuta magana ta ƙare. Bayan gasawa kuma sai ragewa. A cire inuwa, a cire ƙyalli, a cire duk abin da ido ba zai yi kewarsa ba, har fayil ɗin ya yi sauƙin da tsohuwar waya a inda sabis ke wahala za ta buɗe shi ba ta tsaya nishi ba. Yakan ce, "Ni don mai ƙaramar waya nake aiki. Mai babba ko jaki ka tura masa zai buɗe."

Ba ya fita sosai. In ka cire ni da mai shagon da yake sayen sukari, ban san wanda yake gaisawa da shi ido da ido ba. Abokan aikinsa fuskoki ne a cikin 'yan akwatuna a kan allo. In za su yi taro sai ya sa riga mai kyau a sama, ƙasa kuwa gajeren wando, ya gyara zama tun kafin su shigo, ba ya tashi sai kowa ya fita. A cikinsu akwai wadda yake yawan ambato, yana ce mata Mai Launi, don ita take zana mutanen ta yi musu kala kafin su zo hannunsa. In tana magana har murmushi yake yi wa allo. Na taɓa tsokanarsa a kanta, ya jefe ni da matashin kujera, bai ce e ba bai ce a'a ba.

Ni na jawo maganar da ta haifi abin da nake son ba da labarinsa. Ina kallon wasu mutanensa suna wucewa a allo, kowa tsaf kamar soja, sai bakina ya suɓuce na ce, "Duk mutanenka tafiyar 'yan gayu suke yi. Babu mai tafiya irin ta mai gidansu?" Na fara da-na-sani ke nan sai ya ce, "Ka san ban taɓa ganin tafiyata ba? Ina dai ganinta a idon mutane." Ba ya yarda a ɗauke shi bidiyo, hoto ma daga ƙirji zuwa sama. Sai ya miƙe ya buɗe ƙofa ya ce, "Tashi. Kai ka fi kowa kallona. Yi mini ita."

Na ƙi. Ya rantse in ban yi ba zai kai ɗinkinsa wani shago. Haka na fita barandar nan ina kwaikwayon abokina yana kallona, kunya kamar in nitse.

"A'a, Sarkin Almakashi, wannan ai agwagwa ce. Haka nake?"

"Wallahi haka kake."

"Ƙarya kake. Sake."

Na sake. Na nuna masa yadda kafaɗar hagu take faɗuwa sannan ta dawo a makare, da yadda hannun dama yake ɗan buɗewa kamar zai dafa wani abu da ba ya nan. Matar da ke ɗakin ƙarshe ta leƙo da bokiti a hannu, ta gan mu, ta koma ciki tana salati. Muka yi dariya har ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Da dariyar ta lafa sai na ga idonsa ya yi ja. Ya ce, "Ashe hannun ma yana yi."

Tun daga ranar ya fara gina wani ɗan mutum nasa na kansa, ba na kamfani ba. Siriri, mai gemu, da wando irin ɗinkina. Ya gajarta masa ƙashin hagu. A bayansa ya zana matakalar benenmu da ƙofar shagona, da wani ɗan tela mai ƙaton kai yana taka keke. Na ce kaina bai kai haka ba, ya ce rage shi ma ya yi don zumunci. In ya gama aikin mutane sai ya buɗe wannan ya yi ta taɓawa, yau kafaɗa, gobe diddige. Na sha ce masa ya fitar da shi ya tura mini a waya. Kullum amsarsa ɗaya, bai gasu ba. Rannan da na matsa masa ya ce, "Tela, in na gasa shi, na yarda ke nan haka nake tafiya. Bar shi ɗanye tukuna."

Ciwon bai ba mu lokaci ba. Tari ne ya fara, yana cewa fanka ce, har numfashi ya soma yi masa wuya a matakala. Na rufe shago na kai shi asibiti. Bai yi mako ba. Da rana tsaka ya cika, ina zaune a gefen gado, takalmansa suna ƙarƙashin kujerata, na hagun da tudun da mai gyaran takalmi ya ƙara masa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Inna ba ta iya zuwa ba, garinsu da nisa, gwiwoyinta kuma sun daɗe da daina ɗaukarta. Yayarsa ce ta zo, ta kwashe tufafinsa, ta bar mini mabuɗin ɗakin da wayarsa.

Bayan an watse daga zaman makoki Inna ta kira ni a waya. Ta yi mini godiya, ta sa mini albarka, sannan ta ce, "Ɗana, hotunansa duk a zaune yake, kamar wanda aka kira shari'a. Ba ka da wanda yake tafiya? Ni tafiyarsa nake son gani. Tun yana yaro daga nesa nake gane shi." Na ce, "Inna, akwai wani abu. Ki ba ni lokaci." Na faɗa ne kawai, ban san ta inda zan fara ba.

A ranar saƙo ya shigo wayarsa daga kamfanin. Sun yi ta'aziyya cikin ladabi, suka ce za su aiko a karɓi kwamfutarsu ƙarshen mako, za a goge abin da ke ciki a ba wani ma'aikaci. Ban ga laifinsu ba, kayansu ne. Amma ɗan mutumin nan a cikinta yake, kuma babu shi a ko'ina sai nan.

Na san lambar buɗe ta, don a ciki nake nuna wa masu ɗinki samfurin aiki. Na hau, na zauna a kujerarsa, na lalubo shi. Da ya fara takawa sai da na tashi na buɗe labule na tsaya a taga tukuna. Dabarar da ta fara zo mini ita ce in ɗauki allon bidiyo da wayata in tura. Wayar Inna tsohuwa ce, shi ya bar mata, a can kuma sabis sai an fita tsakar gida an ɗaga hannu. Yayarsa ta ce abin ya yi ta juyawa ya ƙi sauka. Na yanke shi guntu na sake turawa, ya sauka, amma dishi-dishi. Inna da idonta ya yi rauni ta ce ita inuwa kawai take gani.

Sai na ce bari in yi yadda nake ganin yana yi. Na danna inda yake dannawa in zai fitar da aiki, wani fayil ya fito, na buɗe shi. Abin da na gani ban so ko maƙiyina ya gani ba. Mutumin ya sandare kamar katako yana sulalewa a kan allo, ƙafafu ba sa motsi, hannu ɗaya ya tsinke ya tsaya a baya shi kaɗai a iska. Na rufe kwamfutar da sauri. Sai da na sauko shago na tuna maganarsa: shafi bai san ƙashi ba. Na fitar da shi ɗanye.

Ina zaune na rasa abin yi wayarsa ta yi ƙara. Muryar mace ce, a sanyaye. Ta ce sun yi aiki tare, ta ga sanarwa layi biyu a wurin aiki, ta kasa yarda, shi ne ta kira ko wani zai ɗauka. Na ce, "Ke ce Mai Launi?" Ta ce, "Haka yake ce mini?" Na ce kullum. Muka ɗan yi kuka, ni da matar da ban taɓa gani ba. Daga nan na gaya mata buƙatar Inna. Ta ce, "Malam Tela, turo mini. Wannan kaɗai zan iya yi masa." Ta koya mini yadda zan kwafa in aika.

Washegari da hantsi ta turo mini adireshin shafi. Na taɓa, ya buɗe nan take, tas kamar an wanke. Ga gemun, ga wandon. Amma mutumin da ke tafiya ban san shi ba. Kafaɗu a daidai, taku a daidai, yana tafe kamar sauran 'yan gayun. Na kira ta. Ta ce da murna, "Ka gani? Na tarar da matsala a ƙafar hagu, ƙashin ya fi ɗan'uwansa gajarta, ina jin bai samu ya gyara ba ciwo ya kama shi. Na daidaita. Kuma da ƙafafun suka zo ɗaya sai na yi taku guda na juya shi ya zama na biyu, nauyin ya ragu sosai."

Na ce, "Baiwar Allah, ba kuskure ba ne. Haka yake tafiya."

Na ji ta ja numfashi. Sannan ta ce, "Shekara da shekaru muna aiki. Na san ba ya son launin ruwan ɗorawa, na san in ya gaji yana sosa gira. Bai taɓa miƙewa tsaye a gabanmu ba." Na ce ba ita kaɗai ba ce, haka ya so. Ta ce, "To mu dawo da shi."

Sai dai a wurinta abin ya ƙi. 'Yar manhajar ƙasusuwan da ke kwamfutarta sabuwa ce, tasa tsohuwa, ya ƙi sabunta ta don ya saba da halinta. Ta mayar da ƙashin gajere, amma faɗuwar kafaɗar da buɗewar hannun ba su zo yadda ya ɗaure su ba. Ta ce babu makawa a kwamfutarsa za a gasa, kuma ni zan yi. Ranar kuwa ita ce ranar da za a zo karɓa.

Na jingina wayata da kofin shayinsa yadda za ta riƙa ganin allon. Ta yi ta bi da ni kamar mai koya wa yaro zare allura.

"Sama kaɗan. A'a, ka wuce. Malam Tela, hannunka rawa yake."

"Hannun almakashi ne, bai saba da ɓeran kwamfuta ba."

"Shi ma haka yake cewa, wai kanka ya fi hannunka girma."

"Au, har can ya kai ni?"

"Kullum sai ya yi maganarka."

Muka zaɓi gaɓoɓin duka, daga wuya har yatsun ƙafa. Ta nuna mini inda zan danna. Na ɗora yatsa na kasa. Shi da bakinsa ya ce a bar shi ɗanye. Na gaya mata. Ta ce, "In ka bar shi ɗanye, anjima za a goge shi. Ka zaɓa." Na dubi takalmansa da na ajiye a bakin ƙofa. Na ce a raina, mutumina, ka yafe mini, Inna ce ta aiko ni. Na danna. Layin ƙasan allon ya cika da 'yan ɗigo-ɗigo a jere kamar ɗinkin keke, kowane motsi ya kafu a inda ya bar shi.

Da muka fitar sai ya yi nauyi. Ta ce wayar Inna ba za ta ɗauka ba. Muka cire inuwa, bai isa ba. Muka cire ƙyallin takalmi da layukan riga, bai isa ba. Ta ce saura hanya biyu: ko a rage ɗigon da ke ƙafa da kafaɗa, tafiyar ta ɗan yi santsi, ko a cire bayan hoton gaba ɗaya, da matakala da shago da telan da ke taka keke. Ta ƙara da cewa, a hankali, "Na san kai ne." Na ce, "Cire telan. Inna ba ni ta tambaya ba." Na tura mata fayil ɗin duka biyu, ta ajiye mini mai nauyin daban, ta ɗora marar nauyin a shafi. Ba a jima ba ɗan aiken kamfani ya yi sallama a ƙasa, na naɗe cajar, na haɗa da kwamfutar na miƙa masa.

Da la'asar yayarsa ta kira ni da 'yar wayarta mai madannai, ta ce sun fito tsakar gida, wayar Inna tana hannun Inna. Na ji tana cewa, "Taɓa nan, Inna, shuɗin rubutun." Sai na ji tsohuwar ta ce, "La ilaha illallahu. Auta." Yayar ta ce ya buɗe tun kafin ta ɗauke yatsa, ta ƙara masa girma har ya cika allon, bai dushe ba.

Inna ta yi ta kallo, ni ina jin kukan kaji a bayansu. Can ta ce, "Ka ga hannun. Tun yana rarrafen bango yake buɗe shi haka, in na miƙa masa nawa ya ture." Sannan ta ce, "Ɗana, ba ya tsayawa ne?"

Na ce, "Ba ya tsayawa, Inna. In ya kai ƙarshe sai ya koma farko. Haka ake yin su."

"Shi kaɗai a farin fili haka?"

Na ce e, shi kaɗai.

Ta ce, "To. A hankali, Auta. Babu mai korarka." Yayar ta karɓi wayar ta ce mini sai anjima.

An ba wani ɗakin nasa yanzu, yaron kirki ne, yana gaishe ni. Saukowarsa daidai take, taf taf taf, ba na ɗaga kai. Mai Launi takan turo gaisuwa jefi-jefi. Fayil mai nauyin yana cikin wayata, sai ta yi ta nishi kafin ta buɗe shi, telan ma a tsinke yake taka kekensa. Nakan buɗe shi da safe in na zuba shayi. Akwai wandonsa guda da na yanka ban kai ga haɗawa ba, yana rataye bayan ƙofar shago. Wani mai ɗinki ya taɓa ɗaga shi ya ce, "Tela, ka yi kuskure a nan, ƙafa ɗaya ta fi." Na karɓa na mayar inda yake, na ce na mai shi ne.